Shin ya dace a koya wa 'yan nazare wasan alkafura a kan tirampolin da katifar iska?

Hajiya Mai Makaranta:
Assalamu alaikum iyaye da malamai na wannan zaure. Ina da ƙaramar makaranta a Kano, kuma a sashen nazare muna da yara 'yan shekara 3 zuwa 5 waɗanda ba su da wani darasin motsa jiki na kirki in ban da lilo da guje-guje a lokacin tara. Na ƙudurta in fara musu darasin wasan alkafura da lanƙwasa jiki sau biyu a mako. Wani mai sayar da kayan wasa ya kawo mini farashin abubuwa uku: babban tirampolin, wato shimfiɗar tsalle da ke cilla mutum sama, mai raga a kewaye, da doguwar katifar da ake hura mata iska wadda 'yan wasan alkafura ke atisaye a kanta, da kuma gidan iska irin wanda ake kafawa a wuraren biki. Kuɗin da na ware zai isa abu ɗaya ne kawai, kuma zuciyata ta fi karkata ga tirampolin domin shi ne yara suka fi so, shi ne kuma iyaye za su gani su yaba. Ina neman shawarar masu sani kafin in biya.

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ranki ya daɗe, ina roƙonki kada ki sayi babban tirampolin domin yaran da ba su kai shekara 6 ba. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ce kada yaro ƙasa da shekara 6 ya hau shi, kuma ƙungiyar RoSPA mai fafutukar kare haɗurra a Birtaniya ita ma ta tsaya a kan shekara 6 ɗin. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa, a matsayar da ta fitar a 2012, ta ja hankalin iyaye da su guji ajiye shi a gida baki ɗaya, bayan ta duba alƙaluman da suka nuna cewa a 2009 kaɗai an samu raunuka kusan 98,000 a ƙasar ta dalilinsa.

Abin da ya fi shafarki a cikin wannan matsaya abu biyu ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan suna faruwa ne a lokacin da mutum fiye da ɗaya ke tsalle a lokaci guda, kuma wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ke kwana a ciki, har an ƙiyasta cewa haɗarinsa ya kai ninki 14 na wanda ya fi shi nauyi. Na biyu, a cikin yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa da suka ji rauni, kusan rabi karaya ce ko gocewar ƙashi, ba targaɗe ba. Akwai ma wata karaya da muka sani sosai, wadda ke kama saman ƙashin ƙwauri daf da gwiwa, kuma yawanci 'yan shekara 2 zuwa 5 take samu. Yaron bai faɗo ƙasa ba, bai yi karo da kowa ba. Abin da ke faruwa shi ne babban yaro ya danna shimfiɗar ƙasa da nauyinsa, tana dawowa sama da ƙarfi a daidai lokacin da ƙaramin ke saukowa da miƙaƙƙiyar gwiwa, sai ƙarfin ya tafi kai tsaye cikin ƙashin da har yanzu bai gama ƙwari ba. Ragar da ke kewaye ba ta da wani amfani a nan, tunda a tsakiyar shimfiɗar abin ke faruwa.

Baban Khalil:
Likita, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin mun fara ɗauko tsoron Turawa muna ɗora wa 'ya'yanmu. Dukanmu nan mun tashi muna alkafura a kan tsibin yashin magina, muna langa, muna adungure a rairayin rafi, babu katifa babu malami, kuma ga mu da ƙafafunmu. Yaran yanzu sun riga sun zama 'yan ɗaka, daga waya sai talabijin. Idan Hajiya ta yi niyyar fitar da su su motsa jiki, sai kuma mu tare ta da alƙaluman wata ƙasa?

Likitan Ƙashi:
Baban Khalil, a kan zaman ɗaka ba mu da saɓani. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, 60 daga ciki ya zama mai sa haki, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Yaranmu na birni da yawa ba su kusa da wannan. Amma yashi da tirampolin ba abu ɗaya ba ne. Yashi yana shanye ƙarfin saukar yaro ne, kuma yaro a kansa ba ya iya tashi sama fiye da abin da cinyarsa za ta iya ɗagawa, saboda haka tsayin da zai faɗo daga gare shi daidai yake da ƙarfinsa. Tirampolin yana mayar da ƙarfin ne, yana cilla yaro zuwa tsayin da jikinsa bai san yadda zai sauko daga gare shi ba. Ƙashin ɗan shekara 4 a Kano da na ɗan shekara 4 a Landan iri ɗaya ne ta wannan fuskar.

Malam Mai Horo:
Na shafe shekaru ina koyar da darasin motsa jiki, kuma na yi aiki da ƙananan yara a wannan fanni. Na yarda da Likita a kan babban tirampolin ɗari bisa ɗari. Wanda ya ƙera shi a Amurka a shekarun 1930, George Nissen, ɗan wasan alkafura ne a Jami'ar Iowa, kuma domin atisayen manyan 'yan wasa ya yi shi. Har yau wasa ne na ƙwararru, ya shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000. Ba a yi shi domin 'yan nazare ba.

Inda nake so in ja da Likita kaɗan shi ne kada a haɗa dukkan kayan tsalle a yi musu kuɗin goro. Ita kanta matsayar 2012 da ya ambata ta bambanta tsakanin wasa a bayan gida da horo mai tsari a ƙarƙashin malamin da ya san aikinsa. Katifar iska mai kaurin santimita 10 ba ta cilla yaro sama. Tana nan kusa da ƙasa, ba ta da ƙarfe a gefe, ba ta da sifirin da ƙafa za ta maƙale a ciki, kuma malami na iya rage mata iska ko ya ƙara. Amfaninta shi ne tana ba yaro ɗan taimako wajen tashi, tana sassauta masa sauka, saboda haka yana iya maimaita tsalle sau da yawa ba tare da diddigensa da gwiwarsa sun sha dukan siminti ba.

Amma Hajiya, abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: a wannan shekarun ba tashi sama ake koyarwa ba, sauka ake koyarwa. Yaro yakan fara ɗaga ƙafafunsa biyu daga ƙasa ne wajen shekara biyu da rabi, kuma sai wajen shekara 4 zuwa 5 yake iya tsalle da ƙafa ɗaya yadda ya kamata. Ɗan shekara 3 idan ya yi tsalle, sau da yawa ƙafa ɗaya ke riga ɗaya taɓa ƙasa, gwiwarsa a miƙe, kansa na rinjayar sa gaba domin kan ƙaramin yaro babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa. Aikin malami na farko shi ne ya koya masa ya sauka da ƙafa biyu a tare, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, hannuwa a gaba kamar wanda ke tuƙa babur, ya kuma tsaya cak har a ƙirga uku. Ana fara wannan a kan tabarma a ƙasa, sannan daga kan wani abu da bai wuce tsayin idon sawu zuwa ƙwaurin yaron ba. Yaron da bai iya wannan tsayuwar a ƙasa ba, ba shi da abin yi a kan wani abu mai motsi.

Maman Hanifa:
Ni a Ingila nake zaune, kuma 'yata mai shekara 4 tana zuwa irin wannan aji a wata cibiyar wasanni ta unguwarmu, saboda haka zan faɗi abin da nake gani da idona ko zai amfani Hajiya. Darasin minti 45 ne, kuma yaran da ke gaban malama ɗaya ba su wuce takwas ba. 'Yan ƙasa da shekara 3 ajinsu daban ne, iyayensu ke shiga tare da su. Suna farawa da waƙa da guje-guje, sannan a raba su zuwa wurare daban-daban a cikin zauren: nan ana tafiya a kan katako mai faɗi da ke daf da ƙasa, can ana rarrafe ta cikin rami na yadi, can ana lilo da hannu a jikin sanda, can kuma ga katifar tsalle. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin lokacin da suke yi a kan katifar. Kowane yaro shi kaɗai yake hawa, ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe da ƙananan tsalle, ya dira a kan soso, ya yi tsayuwar da Malam ya bayyana, ya wuce wuri na gaba. Na biyu ba ya hawa sai na farko ya sauka. Ban taɓa ganin an bar ɗayansu ya juya a sama ba. Kafin a karɓi 'yata sai da na cike takarda a kan lafiyarta, kuma ba a shiga da sarƙa ko ɗankunne mai lilo ko safa mai santsi.

Baban Khalil:
To idan ba za su juya a sama ba, ina alkafurar take? Ni na ɗauka manufar ita ce a fara da wuri domin a samu 'yan wasa. Sai a gasar Tokyo da aka yi a 2021 Najeriya ta fara samun ɗan wasan wannan fanni a Olamfik, wato Uche Eke, shi ma a Amurka ya tashi ya samu horo. Idan ba a fara musu tun suna ƙanana ba, yaushe za mu kamo?

Malam Mai Horo:
Baban Khalil, farawa da wuri ba shi ne gaggawa ba. Juyawa a sama ita ce ke kawo rauni mafi muni a wannan wasa, domin idan juyin bai cika ba a kan wuya ake sauka, kuma raunin laka a wuya yana iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Babu malamin kirki da zai sa ɗan nazare ya yi ta. Haka kuma ba na sa 'yan ƙasa da shekara 5 tsayuwa a kan kai, ba na kuma sa su gantsarewa ta baya har hannu ya taɓa ƙasa, domin hannuwansu gajeru ne, kafaɗunsu ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin, sai nauyin ya koma kan wuya da ƙugu.

Abin da suke iya koya yana da yawa. Akwai mirginawa a miƙe daga gefe zuwa gefe, da tafiya da hannu da ƙafa, da tsallen kwaɗo, da tsalle a miƙe, da tsalle a buɗe hannu da ƙafa, da tsalle a ɗago gwiwa zuwa ƙirji, da tsalle a juya rabi a fuskanci baya. Ga masu shekara 4 da 5 akwai adungure ta gaba a kan soso mai gangara, haɓa a manne da ƙirji, malami na tallafe ƙugu, ba tare da ya taɓa kai ko ya tura yaron ba. Wanda ya ƙware a waɗannan yana shekara 6, shi ne wanda za a iya ɗora wa alkafura daga baya cikin sauƙi. Kuma mafi yawan yaran Hajiya ba 'yan gasa za su zama ba. Ribar da za su samu ita ce su san inda hannunsu da ƙafarsu suke, su iya faɗuwa ba tare da sun tokare da miƙaƙƙen hannu ba, su iya jiran layi, su iya tsayawa idan an busa usur.

Likitan Ƙashi:
Malam, na karɓi bambancin da ka yi, kuma ba ni da ja a kan siririyar katifa a ƙarƙashin ƙa'idodin da ka faɗa. Sai dai ina so a fahimci cewa katifar iska ma tana iya haifar da irin waccan karayar idan aka bar yara biyu masu bambancin nauyi a kanta, ko kuma malama ta hau tana tsalle tare da su domin ta nuna musu. Iskar da ke ciki ɗaya ce, idan babba ya danna nan, can zai kumbura. Malama ta nuna a ƙasa, ko ta nuna lokacin da babu yaro a kai. Ƙaramin tirampolin mai mariƙi da ake sayarwa domin yara kuma ban saki jiki da shi ba, saboda yaro na iya buga baki ko haɓa a jikin mariƙin, kuma yana saurin kifewa idan yaro ya jingina.

Sista Mai Jinya:
Ina aiki a sashen yara, kuma akwai abin da ya shafi yaranmu na nan wanda littattafan Turai ba su cika tsayawa a kai ba. Na farko shi ne laushin ƙashi. Binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa yaranmu da yawa masu lanƙwasassun ƙafafu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne ya jawo musu, ba rashin shiga rana ba. Duk yaron da ki ka ga ƙafarsa ta yi baka sosai ko ta yi gwame, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko yana yawan kukan ciwon ƙafa, a kai shi likita ya duba kafin ya shiga darasin tsalle. Na biyu shi ne sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Mai sikila ba a hana shi wasa, hana shi ma zalunci ne, amma ƙishirwa da zafi da gajiya mai tsanani suna tayar masa da ciwo, kuma ƙananan cikinsu wasu saifarsu a kumbure take, faɗuwa a kan ciki na iya zama matsala. Ya sha ruwa kafin a fara da kuma tsakiyar darasi, ya huta duk lokacin da ya ce ya gaji, kada malama ta ce masa rago.

Na uku, yaro mai lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jinkirta masa girma da koyo. Wasu daga cikinsu haɗin ƙasusuwa biyu na farko a wuyansu a sake yake, shi ya sa hukumar wasan alkafura ta Birtaniya ke buƙatar a tantance su kafin su shiga. Irin wannan yaro kada a sa shi adungure ko tsalle a kan abu mai cillawa sai likita ya gani ya amince. Hajiya, duk wannan ba za ki sani ba sai kin tambayi iyaye a rubuce, kuma ki tambaye su a keɓe, domin akwai waɗanda ke ɓoye sikilar 'ya'yansu saboda tsoron tsangwama.

Tsohuwar Hedimistires:
'Yata Hajiya, na karanta duk abin da aka faɗa, kuma ina so in yi maganar da mai makaranta kaɗai zai gane nauyinta. Maman Hanifa ta ce yara takwas ga malama ɗaya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare, kuma ni da ke mun san azuzuwan da suka ninka haka. Ƙa'idar yaro ɗaya a lokaci ɗaya tana da sauƙin faɗa a nan, amma ki yi tunanin yara 30 a layi, malama ɗaya, ɗaya na kuka, ɗaya na neman zuwa bayan gida. Da zarar ta juya baya, biyar sun haye. Kuma abin da ya fi damuna ba lokacin darasi ba ne, lokacin tashi ne, sa'ad da 'yan firamare suka fito, yayye suka zo ɗaukar ƙannensu, malamai na haɗa jakunkuna. Babban tirampolin ba ya naɗuwa, yana nan a fili dare da rana, kuma ɗan aji shida zai ɗauki ƙaninsa ya hau da shi don ya faranta masa rai, wanda shi ne ainihin yanayin da Likita ya bayyana. Katifa kuwa ana sace iskarta a naɗe ta a kulle a sito. Ko da babu wani dalili sai wannan, ni katifar zan zaɓa.

Sannan ki sa kuɗin mutum a cikin lissafinki kafin kuɗin kaya. Idan ba za ki iya raba ajin gida uku ba, ki kuma samu mataimakiya a kowane darasi, to ki jinkirta sayen katifar, ki fara da tabarmi da soso da alli da tsofaffin tayoyi.

Malam na Maraɗi:
Babu wanda ya taɓa zancen gidan iska, kuma shi ne na uku a jerin Hajiya. Shi ba kayan koyarwa ba ne, domin ƙasansa ba a daidaite yake ba, yaro ba zai iya koyon sauka a kai ba, kuma an yi shi ne domin yara da yawa su shiga a tare, abin da ake ta cewa a guje masa tun farkon wannan tattaunawa. Baya ga haka akwai matsalar iska. A Disamban 2021, a garin Devonport na tsibirin Tasmaniya a Ostireliya, guguwa ta ɗaga irin wannan gida a wajen bikin ƙarshen shekara na wata makarantar firamare, yara shida suka rasu. A Birtaniya ƙa'ida ita ce ba a amfani da shi a waje idan gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa, kuma dole a ɗaure shi da turaku aƙalla shida. Duk wanda ya san iskar da ke gabatar hadarin farkon damina a Maraɗi ko Katsina ko Kano, wadda ke yaye kwanon gidaje cikin 'yan mintuna, ya san cewa wannan ba labarin nesa ba ne. Sannan yana tsaye ne da na'urar da ke hura shi ba tsayawa, idan aka ɗauke wuta ko janareto ya mutu, sai ya fara rushewa a kan waɗanda ke ciki.

Maman Hanifa:
Akwai kuma batun sutura, wanda na san iyaye za su tayar. A ganina babu buƙatar kayan da ke matse jiki. Dogon wando mai roba a ƙafa da riga da aka cusa a ciki sun wadatar ga mace da namiji. Abin da ba zai yiwu ba shi ne dogon hijabi mai saukowa har gwiwa, domin yarinya na iya take shi yayin sauka ya fizge wuyanta, ko ya rufe mata fuska a tsakiyar adungure. Ƙaramar hula ko ɗan gajeren hijabi marar fil da ya tsaya a kafaɗa ya fi aminci. Masu kitso da duwatsu a tsakar kai su ma adungure na yi musu zafi, sai a sanar da iyaye ranakun darasi tun da wuri.

Hajiya Mai Makaranta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mama Hedimistires, maganarki ta lokacin tashi ita ce ta fi shiga raina, domin filinmu ɗaya ne da 'yan firamare. Na fasa tirampolin da gidan iska. Zan ɗauki zango guda muna aikin ƙasa kawai, in tura malamai biyu su koyi yadda ake tallafar yaro, in raba wa iyaye takardar lafiya, sannan in sayi siririyar katifar. Sauran tambayoyina biyu ne. Malam, yaya zan san iskar da ke cikinta ta yi daidai, kuma a ina ya kamata in shimfiɗa ta, tunda ba mu da zaure sai baranda da fili? Likita, idan yaro ya sauka ya fara kuka alhali ba a ga ya faɗi ba, me malama za ta yi?

Likitan Ƙashi:
Ta sauke shi, ta zaunar da shi, kada ta ja ƙafar, kada ta murza, kada ta ce ya taka a gani. Alamar da ta fi muhimmanci a wannan shekarun ita ce ƙin taka ƙafa. Ƙaramin yaro ba ya iya nuna daidai inda ke masa ciwo, kuma wannan karayar ta ƙasan gwiwa sau da yawa ba ta kumbura sosai, ƙafar ba ta karkace, shi ya sa ake ɗaukarta targaɗe. Idan bayan ya huce daga kukan har yanzu ya ƙi tsayawa a kanta, a kira iyaye a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi a ranar. Ku da ke Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala kusa da ku. Na san mutane da yawa wajen mai ɗori suke fara zuwa, amma a ƙarshen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi, kuma ja ko ɗauri mai tsanani a kusa da wurin na iya sa ƙafar ta girma a karkace ko ya hana jini gudana. Idan kuwa a kan kai ko wuya ya sauka, yana kukan wuya, ko ya ce hannunsa ko ƙafarsa sun mutu, kada a ɗaga shi a rungume kamar yadda muka saba. A riƙe kansa a yadda yake, a kwantar da shi a kan abu mai tauri, a tafi da shi a haka.

Malam Mai Horo:
Hajiya, a baranda za ki shimfiɗa ta, cikin inuwa, da safe kafin rana ta take. Iska tana kumbura idan ta ji zafi, saboda haka katifar da aka hura daidai da ƙarfe takwas, idan aka bar ta a rana a watan Afrilu, kafin azahar ta yi tauri fiye da kima, ɗinkinta na iya buɗewa, ledar kuma tana ƙona tafin ƙafa. A lokacin hunturu akasin haka ke faruwa da sanyin safiya, sai ki ga ta yi laushi. Ki bi adadin da kamfanin ya rubuta a jikinta, ki sayi famfo mai agogon awo, amma ki riƙa gwadawa kafin kowane darasi: malama ta tsaya a tsakiya ita kaɗai ta yi ɗan tsalle, idan ta ji diddigenta ya taɓa siminti iskar ta yi kaɗan, idan kuma ba ta lotsa ko kaɗan ba ta yi yawa ga ƙananan yara.

A share ƙasa sosai a shimfiɗa leda ko tabarma a ƙarƙashi saboda tsakuwa da ƙusa. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninta da bango ko ginshiƙin baranda, a jera soso a gefunanta biyu da kuma ƙarshenta inda ake dira, kaurinsa ya zo daidai da nata domin kada ƙafa ta faɗa tsakani. Ki zana layi da alli inda masu jira za su tsaya, malama ɗaya a wajen layin, ɗaya a gefen katifar tana tafiya tare da yaron. A makonnin farko tafiya kawai za su yi a kanta, sannan gudu a hankali, sannan ƙananan tsalle uku a tsaya cak idan an busa usur. Kowane yaro kada ya wuce rabin minti a hawa ɗaya, domin da zarar cinya ta gaji gwiwa ke daina lanƙwasawa. Idan kin sa ranar da malamanki biyu za su fara, ki sanar da ni a nan, zan rubuto jerin darussan makonni shida na farko na aikin ƙasa domin duk mai buƙata a zauren ya ɗauka.